Ko Adalci Ne A Ƙidaya Wa Makaho Biyu?

'Yan'uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu kai ku wani fili da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, wato filin wasan kurket. Kada wani ya ce, ina ruwan jaridar ekklesiya da wasa? Mu yi haƙuri kaɗan. A filin nan akwai wata tambaya wadda ta shafi kowane dattijon ekklesiya, da kowane malamin makaranta, da kowane maigida. Ga tambayar: idan aka sāke doka saboda mai rauni, adalci aka yi, ko kuwa tara aka nuna?

Yadda wasan ya ke

Kurket wasan Turawan Ingila ne, su ne kuwa suka kai shi ƙasashen da suka mallaka a dā, kamar su Indiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Ƙungiya biyu su ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani daɓe mai tsawon yadi 22, an kafa turaku 3 a kowane ƙarshensa. Mai jifa ya kan jefo ƙwallo yana nufin turakun, mai bugu kuwa yana tsaye gabansu da sanda mai faɗi, yana tsaronsu. In ya bugi ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su sheƙa a guje, kowa ya nufi ƙarshen da ɗan'uwansa ya baro. Duk sa'ad da suka yi haka, a rubuta maki 1. Amma in ƙwallon ya sami turakun, ko kuwa wani ya cafe shi a sama bayan bugu, mai bugun ya fita ke nan, wani ya shigo.

Duk wanda ya ji wannan zai ce, ai wasan masu ido ne tun daga farko har ƙarshe. Haka kowa ya zata. Amma a shekara ta 1922, a birnin Malbon na ƙasar Ostareliya, makafi suka fara yinsa. Labarin da 'yan wasan su ke bayarwa shi ne, waɗansu makafi biyu masu aiki a masana'anta suka zuba tsakuwa cikin gwangwani, suka mai da shi ƙwallonsu, suna bin ƙararsa da kunne. A shekarar nan aka kafa ƙungiyar kurket ta makafi a jihar Biktoriya, a 1928 kuma suka sami filin kansu a unguwar Kooyong ta birnin. Daga gwangwanin nan abin ya yi ta yaɗuwa. A 1996 aka kafa majalisar kurket ta makafi ta duniya a birnin Delhi na Indiya. A 1998 aka yi gasar kofin duniya ta fari a can, Afirka ta Kudu ta ci Pakistan a karawar ƙarshe.

Ga yadda aka gyara wasan domin karawa tsakanin ƙasashe. Ƙwallon na roba ne mai tauri, an zuba masa 'ya'yan boris irin na keke a ciki, yana ƙara kamar caki. Ba a jefo shi daga sama, sai a wurgo shi ƙasa ƙasa, dole kuma ya taɓa ƙasa a rabin daɓen na wajen mai jifa, ya sāke taɓawa a rabin na wajen mai bugu, domin kunne ya sami zarafin binsa. Turakun na ƙarfe ne, saboda a ji ƙara in ƙwallo ya same su. Kafin jifa, mai jifa zai tambayi mai bugu ko ya shirya. Sai ya amsa, sa'an nan mai jifa ya yi kira da ƙarfi daidai lokacin da ya ke sakin ƙwallon. In bai yi haka ba, jifar ba ta karɓu ba.

An kuma raba 'yan wasa aji 3 bisa ga ganinsu. Aji na 1, wanda su ke ce da shi B1, su ne waɗanda ba su gani ko kaɗan, ko kuwa suna rabe haske da duhu amma ba su iya gane siffar hannu a gabansu. Aji na 2 suna ɗan gani kusa kusa. Aji na 3 sun fi su, amma abin da mai lafiyar ido zai gane daga nisan mita 60, su sai sun matso kamar mita 6. Cikin mutum 11 dole a sami aƙalla 4 daga aji na 1, 'yan aji na 3 kuwa ba za su wuce 4 ba. Cikin kashi 100 na jifa, kashi 40 'yan aji na 1 za su yi. In ɗan aji na 1 ya bugi ƙwallo, wani ne zai yi gudu a madadinsa. In yana tsaron fili ya kama ƙwallo bayan ya taɓa ƙasa sau ɗaya, a lissafta kamar a sama ya cafe. Ga kuma dokar da ta sa muka ɗauki alƙalami: kowane maki da ɗan aji na 1 ya ci, biyu a ke rubuta masa.

Mai cewa tara ce

Wani zai ce, a nan fa an karkata ma'auni. Mutum biyu sun yi bugu iri ɗaya, ƙwallon ya kai wuri ɗaya, an ba wannan 4, an ba wancan 8. Ina adalci? Mai wannan magana ba mu raina shi ba, gama yana da abin kafa hujja. A Littafin Firistoci 19:15 an hana alƙali ya karkata wajen matalauci saboda talaucinsa, kamar yadda aka hana shi karkata wajen mai girma saboda girmansa. Tausayi ma ya kan ɓata shari'a. Mudun da ya ke canzawa bisa ga fuskar mai saye, ai ba mudu ba ne.

Amma mu duba abin da a ke aunawa. Mutum biyun nan ba aiki ɗaya suka yi ba. Na fari ya hango inuwar ƙwallon tana tahowa, ya kuma ji ƙararsa. Na biyu kunne kaɗai gare shi. Daga ƙarar nan zai gane inda ƙwallon ya nufa da saurinsa, ya durƙusa, ya shari ƙasa da sandarsa daidai lokacin da ya kamata. In ya makara kaɗan, ko ya yi garaje, ƙwallon ya wuce. Wanda ya rubuta musu maki ɗaya bai dubi komai ba sai inda ƙwallon ya faɗi. Wanda ya rubuta wa na biyun ninki ya dubi abin da bugun ya ci wa mutumin.

Sa'an nan mu tambaya, da babu dokokin nan, me zai faru? Hausawa sun riga sun ba da amsa, suka ce a garin makafi mai ido ɗaya shi ne sarki. Kowane shugaban ƙungiya yana son nasara. Da an bar shi da zaɓinsa, da 'yan aji na 3 zalla zai kwasa, mutum 11 cif. Kafin a jima, wasan da makafi suka ƙago da gwangwaninsu ya zama na masu sauran gani, ainihin makafin kuwa suna zaune a bakin fili suna sauraro. Ba wanda zai ce ya kore su. Doka ɗaya ce ga kowa, ita ce kuwa za ta fitar da su a hankali, ba tare da hayaniya ba. Ashe doka ɗaya ga kowa ta kan iya zama abin tuntuɓe. Mu lura kuwa, aya ta 14 ta surar nan, wadda ta ke dab da ayar da mai gardama ya kawo, ita ce ta hana a sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya. Allah ya ajiye ayoyin nan biyu kafaɗa da kafaɗa, ba mu da izini mu ɗauki ɗaya mu yar da ɗaya.

Shari'ar Musa kanta ta nuna mana yadda su ke tafiya tare. A Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haihu za ta kawo ɗan rago da tsuntsu domin hadaya. Wadda ba ta da halin ɗan rago, an yarda ta kawo tsuntsaye biyu. Luka 2:24 ya nuna mana irin hadayar nan ta marasa hali Maryamu da Yusufu suka kai. Ba a ce wa matalauciya ta yi zamanta a gida ba. Ba a kuwa ce mata ba komai, ta zo hannu wofi ba. An auna mata abin da hannunta zai kai, domin ita ma ta tsaya inda sauran mata su ke tsayawa. Tara ita ce a ba mutum gaskiyar da ba tasa ba. Buɗe masa ƙofa domin ya shigo a gwada shi tare da kowa, wannan wani abu ne dabam.

Mai cewa raini ne

Akwai gardama ta biyu, ta kuwa fi ta fari nauyi, gama makaho da kansa zai iya kawo ta. Zai ce, ban roƙe ku ragi ba. Wannan ninki naku sadaka ce kuka sāke wa suna. Kamar yadda babba ya kan yi kokawa da yaro ya faɗi da gangan, haka ku ke yi mini. Lalle akwai alherin da ya ke ƙasƙantar da mutum, mun kuwa san shi, gama mun sha yinsa.

Yaya za mu rabe taimakon da ya ke girmama mutum da wanda ya ke raina shi? Filin kurket ya ba mu ma'auni biyu.

Na fari, mu duba abin da ba a sāke ba. In ƙwallo ya sami turakun ɗan aji na 1, ya fita, ba wanda zai ce a bar shi ya sāke gwadawa don makaho ne. In ya yi jifar banza, alƙalin wasa zai hukunta ƙungiyarsa. Ƙwallon mai tauri ne, masu tsaron fili kuwa su kan faɗa ƙasa da jikinsu su tare shi. Akwai mai ci, akwai kuma wanda a ke ci. Pakistan ta ɗauki kofin duniya a 2002 da 2006. Indiya ta ɗauka a 2014 da 2018, dukansu biyu Pakistan ta kayar a karawar ƙarshe. A watan Nuwamba na 2025 aka yi gasar duniya ta fari ta mata makafi, 'yan matan Indiya suka ci na Nepal a birnin Kolombo. 'Yan matan Nepal sun koma gida ba kofi, ba wanda ya ce a raba shi biyu don tausayi. A ganinmu wannan girmamawa ce. Mutumin da ba a yarda ya faɗi ba, in ya tsaya ma ba wanda zai ce shi ya tsai da kansa. An gyara hanyar shiga, amma an bar wahalar wasan da hukuncinsa.

Na biyu, mu tambayi wanda ya yi gyaran. Ba masu ido ne suka zauna suka tsara wa makafi abin rage kewa ba. Makafi ne suka zuba tsakuwa a gwangwani. Haka ma rubutun makafi na ɗigo 6 da a ke karantawa da yatsa, Louis Braille ne ya ƙago shi a ƙasar Faransa wajen shekara ta 1824, yana yaro ɗan shekara 15, shi kansa kuwa makaho ne. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ya ke zubar masa. Gyaran da aka yi da shawarar mai abin ya kan zauna masa daidai. Wanda aka yi a bayan idonsa kuwa, sau da yawa zuciyar mai bayarwa kaɗai ya ke sanyayawa.

Mai cewa za a yi zamba

Gardama ta uku ita ce, duk inda aka sa riba a kan rauni, za a sami masu ƙaryar rauni. Wannan gaskiya ne, ya kuwa taɓa faruwa. A wasannin nakasassu na duniya da aka yi a birnin Sidni a shekara ta 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar Sifen ta ci lambar zinariya a sashen masu raunin ƙwaƙwalwa. Daga baya aka gane 10 daga cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau. Aka karɓe lambar. Amma abin baƙin ciki, aka kuma dakatar da sashen gaba ɗaya, masu raunin na gaskiya ba su sāke shiga wasannin ba sai a 2012 a birnin Landan. Maƙaryata suka yi laifi, marasa laifi suka ɗauki hukuncin shekara da shekaru.

Masu kurket na makafi sun san wannan hatsari. Shi ya sa a ke gwada idon kowane ɗan wasa kafin a sa shi a aji, 'yan aji na 1 kuma a kan rufe idanunsu sa'ad da su ke cikin fili, domin kada wani ya mori ɗan hasken da ɗan'uwansa ba shi da shi. Wannan ita ce hanyar hikima. Ba a rushe rumbu domin ɓera ya shiga, sai a toshe ramin. Mu ma in mun taɓa taimakon wani muka tarar ya ruɗe mu, kada mu rama a kan mabukaci na gaskiya da zai zo bayansa.

Duk da haka ba za mu ce dokar ta cika sarai ba. Ga wani wanda da ƙyar ya ke gane siffar hannu, an sa shi aji na 2, ana rubuta masa maki ɗaya ɗaya. Tsakaninsa da ɗan aji na 1 bambancin kaɗan ne, amma ladansu ya rabu da ninki. Kowace iyaka da ɗan adam ya ja, akwai wanda zai faɗo dab da ita ya ji zafi. Me ya sa biyu, ba uku ba, ba ɗaya da rabi ba? Kimantawar mutane ce, ana kuwa iya gyara ta. A Ingila ma, a wasansu na cikin gida, ƙwallo babba su ke amfani da shi mai kama da ƙaramin ƙwallon ƙafa, dokokinsu kuma sun ɗan bambanta. Allah kaɗai ya ke da ma'aunin da ba ya kuskure. Shi ne ya zauna kusa da akwatin baiko, a Markus sura 12, ya lissafta aninai biyu na gwauruwa sama da kuɗin mawadata, gama ya san abin da kowa ya rage a gida. Mu ba mu iya auna haka. Amma gara ma'aunin da ya yi ƙoƙarin duban nauyin kayan kowa, ko da ya ɗan kauce, da wanda bai ko ɗaga ido ya duba ba.

Mu fa?

To, 'yan'uwa, bari mu dawo gida. Ba mu ce kowace ekklesiya ta sayi sandar kurket ba. Amma mu tambayi kanmu, ina makafinmu su ke zama ran Lahadi? Tun shekara ta 1953 mishan ya buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, yara suka koyi karatu da yatsa. Duk da haka har yanzu da yawa a cikinmu, in an ce makaho, ƙoƙon bara da ɗan jagora mu ke fara tunawa. Mu kan jefa masa kuɗi a bakin ƙofa mu wuce ciki, zuciyarmu a kwance. Sadaka abu ne mai kyau, kada mu daina. Amma sadaka ba ta cin mana komai sai kuɗi. Ba shi wuri a cikinmu kuwa zai sa mu sāke yadda muka saba yin abubuwa, shi ya sa mu ke jin nauyinsa.

Mu masu wa'azi mu fara da kanmu. Sau nawa muka rubuta lambar waƙa a allo ba mu faɗe ta da baki ba? Sau nawa muka ce wa jama'a su dubi wannan, muna nuni da yatsa, ba mu bayyana abin da mu ke nunawa ba? Sau nawa muka gai da ɗan jagora, muka tambaye shi lafiyar mutumin da ya ke tsaye a gabanmu, sai ka ce shi ba ya ji? Mai jifa a filin kurket ba ya sakin ƙwallo sai ya yi wa mai bugu magana ya ji amsarsa. Ubangijinmu ma, sa'ad da aka kawo masa Bartimawus a hanyar Yariko, a Markus sura 10, bai yanke masa shawara ba. Jama'a suna ta tsawata wa mutumin ya yi shiru, shi kuwa ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi bukatarsa, ya jira ya faɗa da bakinsa.

Sa'an nan mu ba su aiki na gaske, tare da hukuncinsa. In ɗan'uwa makaho yana da murya, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, a karanta masa kalmomin tun da wuri ya haddace. In ya yi kuskure, mai koyarwa ya gyara masa kamar kowa. In ya iya lissafi, ko koyarwa, ko sulhunta mutane, a zaɓe shi, a kuma tambaye shi bayanin aikinsa a ƙarshen shekara. Kada kwanon baiko ya tsallake shi don muna tsammani ba shi da abin sawa. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 12, cewa ekklesiya jiki ɗaya ce, gaɓoɓin da a ke gani kamar raunana kuwa jikin ba ya iya rabuwa da su. In haka ne, duk ranar da muka bar ɗan'uwa a bakin ƙofa, jikin ne ya shiga sujada da ɗingishi.

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ke nan. Adalci ne a ƙidaya wa makaho biyu, muddin ninkin yana shigo da shi cikin gwaji ne, ba ya ɗauke masa gwajin, muddin kuma an yi shawara da shi, an kuwa tsare ƙofa daga masu zamba. Ran Lahadi mai zuwa, kowane dattijo ya dubi bakin ƙofar majami'arsa, ya ga wanda ya ke zaune a wurin. Ya je ya kira shi da sunansa, ya tambaye shi aikin da ya ke so ya yi a gidan Ubansa, ya kuwa tsaya ya ji amsa. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.